Kaji Shida Daga Keji: Littafin Aikin Akurki

3 ga Fabrairu

Yau na auna filin bayan gida na kafa turaku, mita 4 a tsawo, mita 3 a faɗi, gefe ɗaya jingine da katanga. A nan za a gina akurki da farfajiya domin kaji shida da zan karɓo daga wata gonar ƙwai. A irin waɗannan gonaki ana kwashe kaza idan ta kai mako 72 zuwa 80 da haihuwa. Ba ta daina ƙwai ba, raguwa ya yi, ɓawon ya fara laushi, kuɗin abincinta ya daina fita. Tana iya ƙara shekaru a duniya, amma a littafin mai gona ta riga ta ƙare.

Wani awo ne ya tayar da ni. A tsohon kejin da Tarayyar Turai ta haramta daga 1 ga Janairun 2012, rabon kaza ɗaya murabba'in santimita 550 ne. Takardar A4 da muke rubutu a kai ta kai 624. A wurin da bai kai takarda ɗaya ba kaza ke ci, ta kwana, ta yi ƙwai fiye da shekara guda, kuma har gobe irin wannan keji yana aiki a ƙasashe da yawa.

Aikin gida biyu ne. Na farko ginin akurkin. Na biyu a kicin: za mu daina sayen ƙwan keji da naman kajin gona masu saurin girma, mu ga abin da zai maye gurbinsu. Ban ce nama haramun ba ne, ba kuma zan ce ba. Abin da ya dame ni shi ne yanka na ɗan lokaci ne, rayuwar da ta gabace shi kuwa ta watanni ce, mu kuma yankan kaɗai muke tambaya a kai.

Taswirar ginin na ɗauko ta daga abin da kwamitin Brambell, wanda ya binciki yadda ake kiwon dabbobin gona, ya faɗa a Birtaniya a 1965, cewa ko ba komai dabba ta samu damar tashi, kwanciya, juyawa, gyara jikinta da miƙe gaɓoɓinta. Daga wannan aka fitar da 'yancin dabba guda biyar a 1979: kada ta ji yunwa da ƙishi, kada ta takura, kada a bar ta da ciwo, kada ta zauna cikin tsoro, kuma a bar ta ta yi ɗabi'arta. Na ƙarshen shi zai fi cin kuɗi, domin ɗabi'ar kaza tono ne, da birgima a ƙasa, da hawa sama ta kwana.

8 ga Fabrairu

An haƙa ramuka, an kafa ginshiƙai shida da siminti. Sai ya bushe.

12 ga Fabrairu

Ragar waya ta rikita lissafi. Wadda aka fi sayarwa mai manyan idanu ce, tana tsare kaza kada ta fita amma ba ta hana ɓera ko tunku shiga. Kafinta ya ce, "Maigida, in dai kwana za su yi a nan, sayi mai ƙananan idanu ka huta." Kuɗinta ya ninka na waccan, ita kaɗai ta cinye kusan kashi 40 cikin 100 na abin da na ware wa ginin. Katako da kwanon rufi sun ɗauki rabi, ragowar ta tafi a ƙusa, sakata da ladan aiki.

Mun binne ragar santimita 30 a ƙasa, muka lanƙwasa bakinta waje, don duk abin da ya zo tono ya ci karo da ƙarfe. A ciki an kafa sandar kwana, kowace kaza ta samu santimita 25, da akwatunan ƙwai biyu a lungu mai duhu. An bar tagar iska a sama can kusa da rufi, saboda warin kashin kaji idan ya taru yana cin huhunsu da idanunsu.

16 ga Fabrairu

Ɓangaren kicin ya fi ginin wuya, don da mutane ake yi ba da katako ba. Uwargida ta yarda amma da sharaɗi: "Baban yara, ba zan riƙa ɗora tukunya biyu ba, kuma yara ba za su kwana da yunwa ba." Gaskiyarta. Muka daidaita a kan wake, waken soya, gyaɗa da ganye su zama gindin abinci, nama kuma sai wanda muka san inda aka yi kiwonsa, ba kullum ba.

Na nuna mata binciken da aka yi a Jami'ar Alberta ta Kanada, wanda aka wallafa a 2014. Sun yi kiwon irin kajin nama na 1957 da na 2005 da abinci iri ɗaya. A kwana 56, na 1957 ya kai giram 905, na 2005 ya haura kilo 4. Nama ya yi gaba ya bar ƙashi da zuciya a baya, shi ya sa irin waɗannan kaji da yawa ke gurguncewa kafin a yanka su a mako 5 zuwa 7. Kajin da ake yankawa a duniya duk shekara sun haura biliyan 70. Ta daɗe tana kallon hoton, ba ta ce komai ba.

Na sayo ƙwayar bitamin B12. Tsirrai ba sa ba da shi yadda za a dogara da su, babban mutum kuma yana buƙatar kimanin maikurogiram 2.4 a rana. Hanta tana ajiye shi tsawon shekaru, don haka ƙarancinsa a ɓoye yake zuwa, sai ya taɓa jini da jijiyoyi ake farga. Duk wanda zai rage abincin dabba sosai, musamman mai ciki da mai shayarwa da yara, kada ya yi wasa da wannan. Mun kuma matsar da shayi nesa da lokacin cin abinci, muna matsa lemon tsami a kan wake, saboda jiki ya fi jan sinadarin ƙarfe a haka.

21 ga Fabrairu

Sun iso.

Na ga hotuna da yawa kafin yau, amma hoto ba ya ɗauke da wari, ba ya ɗauke da rashin nauyi. Da na ɗaga ta farko sai na ji ƙashin ƙirjinta a tafin hannuna, a karkace. Wuyansu duka a gwaiguye yake saboda gogar waya wajen miƙa kai ga abinci. Zankonsu fari fat, ya yi faɗi ya kwanta gefe. Farce ya yi tsawo ya lanƙwashe, tunda bai taɓa tona ƙasa ba. An datse musu tsinin baki tun suna 'yan tsaki, don kada su tsattsage juna a cikin matsi. Ɗaya ba ta da gashi daga wuya har gadon baya, yara suka sa mata suna Sanƙo. Wata tana ɗingishi da ƙafar hagu.

Ma'aikacin gonar da ya miƙo min su ba mugu ba ne. A hankali ya riƙa kama su, har ya ce in kula da mai ɗingishin. Shi ma umarni yake bi, mai gonar kuma farashin kasuwa yake bi, kasuwar kuwa mu ne.

Da na sauke su a farfajiya ba su motsa ba. Fili a gabansu, sun tsaya cak a inda aka ajiye su, sun cure waje ɗaya. Ɗaya ta ɗaga ƙafa ta daɗe ba ta sauke ba, sannan ta taka ƙasa a hankali. Da magariba ba wadda ta san ana shiga akurki, sai da na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ban ɗora su a kan sanda ba, na shimfiɗa musu diddigar katako a ƙasa, domin ƙashinsu bai da ƙwarin da za su diro daga sama.

Abincin da suka saba da shi na ci gaba da ba su. Sauya wa kaza abinci rana ɗaya yana ɓata mata ciki.

23 ga Fabrairu

Suna ci, suna sha. Ƙwai uku, ɗaya ba ɓawo. Na yanke musu farce.

27 ga Fabrairu

Faɗa ya ɓarke. Kaji sai sun tantance babba da ƙarama a tsakaninsu, wannan ɗabi'a ce, amma waɗannan ba su san iyaka ba. Babbar cikinsu ta sa Sanƙo a gaba, ta fasa mata fata a gindin wutsiya. Kaza in ta ga jini ba ta bari. Na wanke ciwon da ruwan gishiri, na raba farfajiyar da ragowar waya yadda za su ga juna ba su taɓa juna ba. Na ƙara mazubin abinci da na ruwa a wani lungu, don kada mai ƙarfi ta tsare hanya, na kuma rataye kabeji a igiya su samu abin sara. Kuɗin maganin ciwo da ƙarin mazubi ba sa cikin lissafin farko.

3 ga Maris

Na zuba rairayi da toka a tsohuwar taya tun ranar farko, ba wadda ta kula. Yau da hantsi mai ɗingishin ta shiga, ta tona, ta kwanta a gefe ɗaya, ta riƙa watsa ƙasa cikin fiffikenta tana lumshe ido. Ba wanda ya koya mata. Shekara da rabi abin yana cikin jikinta bai samu wurin fita ba. Masu binciken halayyar kaji sun ga cewa ko a kan wayar keji kaza tana kwaikwayon wannan birgima, ba ƙasa ba komai. Ɗiyar ƙanwata da ke tsaye ta ce, "Kawu, ba ta da lafiya ne?" Na ce yau ne ma ta fi lafiya.

9 ga Maris

Matsala babba. Kwana biyu kajin suna ƙin shiga akurki da yamma, ƙwai ya ragu, zankon da ya fara ja ya koma fari. Da dare na shiga da tocila na goga farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar kwana, ya fito da ɗigon jini. Jar ƙuma ce. Halinta irin na kuɗin cizo: da rana tana ɓoye a tsagar katako, da dare ta fito ta sha jini ta koma, shi ya sa duba jikin kaza da rana ba ya nuna komai. Likitan dabbobi ya ce ta fi yawan zuwa a akwatunan da ake ɗauko kaji ko ta jikin tsuntsayen waje. Daga ƙwai zuwa babba mako ɗaya ya ishe ta, kuma tana iya yin watanni ba ta ci ba tana jira.

Na fitar da komai. Shimfiɗar ta tafi wuta. Na wanke katako da ruwan zafi da sabulu, na bi kowace tsaga da buroshi, na fesa maganin da likita ya rubuta, na bar wurin ya bushe kajin suna waje. Kafinta ya dawo ya cire sandar da aka kafe da ƙusa ya yi wadda ake zarewa, muka toshe tsagogi muka shafe ciki da farar ƙasa. Dole a maimaita feshin bayan mako guda, saboda magani ba ya kashe ƙwayayenta.

Wannan ya cinye kuɗin da na ajiye don rumfar inuwa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne kaji shida ne kawai, amma sun ɗauke min yini cur. Gidan gonar da ke da kaji dubu hamsin, ma'aikaci ɗaya ko biyu, wa zai goga ƙyalle a ƙarƙashin kowace sanda?

12 ga Maris

Ƙyalle ya fito da ɗigo kaɗan. Sun koma shiga da kansu.

17 ga Maris

An maimaita feshi. Sanƙo ta fara fitar da tsinken sabon gashi a wuya, na mayar da ita cikin sauran da dare.

23 ga Maris

Mako na muhawara, daga gefe biyu.

Wani abokin aikina yana cikin masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba, ba nama, ba madara, ba ƙwai, ba zuma. Tafiyar tasu ta samu suna da ƙungiya a Ingila a 1944 ta hannun Donald Watson da abokansa, amma tunanin ya girme su. Abul Ala al-Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham da ya rasu a 1057, ya bar waɗannan abubuwa duka saboda tausayin dabba. Abokin nawa ya zo ya ga kajin, ya yaba, sannan ya ce, "Malam, ƙwan fa? In ka ci, ka zama ƙaramin mai gona ke nan."

Hujjarsa tana da nauyi. Kazar dajin Asiya da kajinmu suka samo asali daga gare ta ƙwai 10 zuwa 15 take yi a shekara. Waɗannan an tace irinsu har suna yin kusan 300. Kowane ɓawo yana ɗauke da kimanin giram 2 na kalsiyam, in abinci bai cike ba daga ƙashinta take cirowa, abin da na ji a tafin hannuna ke nan ranar da suka zo. Sannan ga 'yan'uwansu maza. Zakaran irin masu ƙwai ba ya ƙwai, ba ya tara nama da sauri, don haka ana kashe biliyoyinsu duk shekara a ranar da aka ƙyanƙyashe su. Jamus ta haramta hakan daga farkon 2022, Faransa ta bi sahu, yanzu suna gane jinsin tsako tun yana cikin ƙwai. A yawancin sauran wurare abin yana nan.

Amsata ita ce ban sayi kajin nan don ƙwai ba, ba zan kunna musu fitila da dare don su ƙara yi ba, kuma ranar da suka daina ba abin da zai canja a abincinsu. Rabin ƙwan ina dafa shi in daka har ɓawon in mayar musu. Ragowar muna ci, kuma kowane ɗaya ya hana mu sayen na keji. Bai gamsu ba. Ya ce muddin ana kallon dabba a matsayin mai ba da wani abu, wata rana lissafi zai dawo. Ban raina maganar ba, ina juya ta har yanzu.

Yaya kuma ta ɗaya gefen ya ɓullo. Ya ce, "Kai dai ka cika ɗora wa kanka. Sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma Allah Ya halatta." Na ce, "Haka ne, Yaya. Amma hadisin da ya ce a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, da kyautatawa ga kowane abu ya fara. An kuma ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Tsarewa ce laifin, ba yanka ba." Ya ce talaka da ƙwai mai araha yake ciyar da 'ya'yansa. Wannan ma gaskiya ce, kuma ba zan ɗaga wa uwar da ke neman abin da za ta ba ɗanta yatsa ba. Nauyin yana kan mai hali, da mai gona, da mai yin doka.

30 ga Maris

Lissafin wata. Kowace kaza tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, su shida sun tashi kilo 20 da ɗoriya. Idan na haɗa abinci, shimfiɗa, garin ɓawon kawa don kalsiyam da magani, na raba da ƙwan da muka ci, kowane ɗaya ya tsaya min kusan ninki uku na na kasuwa, ban sa kuɗin gini ba. Ƙwan keji ba araha yake ba, kazar ce ke biyan cikon.

A kicin kuwa an samu sauƙi. Wake da soya sun fi nama araha nesa ba kusa ba, rarar ta rufe fiye da rabin abincin kajin. Makon farko cikin kowa ya yi ta kumburi. Jiƙa wake tun dare da zubar da ruwan jiƙon ya rage abin sosai.

5 ga Afrilu

Mai ɗingishin ta tafi.

Tun farkon mako ta ware kanta, tana tsayuwa a miƙe wutsiya ƙasa, cikinta ya kumbura yana da zafi. Likita ya taɓa ya ce ƙwai ne ya kauce hanya, gwaiduwa ta zube a cikin ciki ta ruɓe. Ya ce ciwon ya yi yawa a irin kajin nan, saboda mahaifar da ba ta hutawa. Ya zuƙe ruwan da allura, ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage zafi, ya gargaɗe ni kada a ci ƙwanta. Na kawo ta cikin gida a kwali, ina ba ta ruwa da sirinji. Ta ɗan farfaɗo har ta ci dafaffen ƙwai, sai cikin ya sake cika, numfashi ya koma da baki buɗe.

Na tambayi likita ko akwai sauran dabara. Ya ce akwai wani maganin da ake dasawa a ƙarƙashin fata ya tsayar da yin ƙwai na wasu watanni, amma ga wadda ciwon bai ci ƙarfinta ba, kuma yana da tsada. Game da wannan ya ce, "Malam, abin da ya rage jinkiri ne kawai, ita ke shan wahalarsa."

Na wasa wuƙa tun da dare inda ba ta gani. Da asuba na kai ta bayan katanga, nesa da sauran, na ba ta ruwa, na yi bisimilla. Ba a ci ba, saboda ciwon da maganin. Na haƙa rami mai zurfi na binne ta, na ɗora dutse.

Uwargida ta ce da mun sani da ba mu ɗauko mai rauni ba. Ni ban ga haka ba. Ta taka ƙasa, ta yi birgima, ta sha hantsi. Da ta tsaya a can, babbar mota ce za ta kwashe ta cikin dubbai, da ƙafar nan tata.

Kuɗin likita na wannan mako ya fi na abincinsu na wata.

9 ga Afrilu

Biyar ɗin lafiya. Ina taɓa cikin kowace da yamma, ina auna su a sikeli duk mako.

15 ga Afrilu

Zafi ya taso. Kaza ba ta gumi, haki take yi ta saki fiffike, ga jikinta dama yana kusan digiri 41. Tunda kuɗin rumfa ya tafi a ƙuma, na ɗaura tsofaffin buhuna a kan ragar, ina jiƙa ƙasa da rana, ina sauya ruwan sha da azahar. Ƙwai ya ragu, na bar shi ya ragu.

Madara ce ta shigo zancen kicin. Saniya ba ta ba da nono sai ta haihu, cikinta wata tara ne, kuma a manyan gonakin madara ana raba ta da ɗan maraƙin cikin awoyi ko kwanaki kaɗan. Mun gwada madarar soya ta gida: a jiƙa, a niƙa, a tace, a tafasa sosai don ɗanyen soya yana hana narkewar abinci. Ta farko ta kama ƙasan tukunya ta yi ƙauri. Wuta kaɗan da juyawa ba tsayawa ne maganin. Manya sun karɓa, ƙaramin cikin yara ya ƙi, kuma ba za a tilasta masa ba. Tasa madarar tana nan.

21 ga Afrilu

Sanƙo ta rufe da gashi ja mai sheƙi, jiya ita ta fara hawa sandar kwana. Na ɗaga sandar zuwa santimita 40, na sa ɗan tsani.

Abin da ke gaba: rumfar inuwa ta kwano idan albashi ya shigo, da shinge na biyu don a riƙa juya su tsakanin fili biyu ciyawa ta samu tsirowa. Zan ware wani abu duk wata na likita, tunda ya ce in sa ran irin ciwon nan zai iya dawowa a wata. Zan tambaye shi farashin maganin dasawar don babbar cikinsu, wadda ƙwanta ya fara fita ba ɓawo. Zakara ba zan kawo ba, domin duk ƙyanƙyasa rabinta maza ne, kuma ba ni da wurin da zan ajiye su.

Gonar ta aiko cewa za ta sake kwashe wani rukuni nan da wata biyu. Filin zai ɗauki ƙarin uku. Kafin nan sai an yi ƙaramin keɓantaccen akurki inda sababbi za su zauna mako uku zuwa huɗu ana duba lafiyarsu, kafinta zai zo Asabar ya auna.